Ragowar Maganin Feshi

Zubairu ya girgiza famfon feshin sau uku, ya kwance murfin, ya juye ragowar maganin a kan tsibin takin da ke gindin katanga. Ya ƙara ruwa ya ɗauraye, ya sake juyewa a wurin. Haka yake yi duk Litinin bayan ya feshe furanni, shekara goma sha tara ke nan, tun da ya baro ƙauyensu na wajen Ringim ya kama aikin lambu a gidan nan na Nassarawa GRA.

Takin nan shi ne abin alfaharinsa. Ganyen mangwaro, ɓawon lemo, kashin kaji, duk a nan suke ruɓewa, in ka tura hannu ciki ka ji ɗumi kamar tuwon da aka sauke yanzu. Masu lambun layin har roƙa suke zuwa yi, shi kuwa sai ya ja musu aji kafin ya ba da bokiti ɗaya. Taku biyar daga tsibin, kujerar maigidan ce, Baba Malachi. Wata biyu ke nan ba wanda ya zauna a kanta.

Ya yi ɗan tarin nan nasa da ya daɗe yana ɗora wa goro laifi, ya wanke hannu, ya karɓi kular kunun gyaɗa daga wajen matarsa Dije. A bakin titi ya tare adaidaita sahu mai fastar 'yan takara har a gilashi, ya ce a kai shi asibiti.

Baba Malachi mutumin Zariya ne, tsohon akawun wata masaƙa, irin mutanen da ba sa yar da ambulan sai sun juya bayanta sun yi rubutu. Shekara uku da suka wuce ya yi tarin fuka ya warke, likita ya ce ya riƙa shan iska. Zubairu ne da kansa ya zaɓa masa inuwar mangwaron nan, don su riƙa hira yana juya taki. Bana tarin ya dawo, har da jini. Aka duba aka ce ba fuka ba ce, fumfuna ce ta kama huhun. An yi wata uku ana shan ƙwaya, Baba sai ramewa yake.

Ya tarar da likita a ɗakin da aka kwantar da Baba, Dakta Hasiya, tana tsaye da takarda a hannu. Baba na kwance da robar iska a hanci. Matarsa, Mama Scholastica, tana kan kujerar jinya, tabarau a ƙarshen hanci kamar har yanzu tana gaban aji. Zubairu ya gaishe su, ya ajiye kular, ya raɓe a bakin ƙofa.

"Mama, sakamakon ya dawo," in ji likitar. "Ba laifin Baba ba ne, ba kuma jabun magani aka ba ku ba. Fumfunar ce ba ta jin ƙwayar."

"Yaya za a yi ba ta ji? Bai taɓa shan irinta ba sai bana."

"Abin da ya sa nake tambaya ke nan. Ana fesa wa shuka wani magani don kada ta yi fumfuna, shi da ƙwayar nan 'yan gida ɗaya ne. In fumfuna ta daɗe tana haɗuwa da shi a ruɓaɓɓen ganye, sai ta saba. Mutum ya shaƙe ta, ta shiga jiki da taurin kanta. Baba yana zuwa gona?"

"Gona kuma? 'Yata, a GRA muke. Daga ɗaki sai inuwa, sai coci ran Lahadi."

"To. Za mu koma allura, tana da wahala amma muna sa rai. Damuwata in ya samu sauƙi, kada ya koma inda ya ɗauko ta."

Zubairu bai yi boko ba, amma wannan maganar ba ta bukatar boko. Ya ga farar ƙurar da ke tashi duk sanda ya soka cebur a tsibin, ya ga Baba yana kore ta da hula yana dariya.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya san Mama. Ta taɓa sallamar direba a tsaye saboda ya ɓoye mata an goge mota. Ɗaki biyun da suke ciki shi da Dije da yara na gidan ne. In ya yi shiru ba wanda zai sani, ya kwashe tsibin a hankali kafin a sallamo Baba, shi ke nan. Amma ina zai kai shi? Masu lambun layin za su yi rububi, kowa ya kai gidan ubangidansa. Kuma likitar nan ta yi tambaya don ta san abin da take yaƙa, an ba ta amsar da ba ita ba.

Likitar ta rufe fayil ta juyo za ta fita.

"Likita," ya ce. "Akwai taki a gidan. Ni nake haɗa shi. Ragowar maganin feshi a kai nake juyewa, duk mako. Kujerar Baba kuma taku biyar take daga shi, ni na ajiye ta."

Mama ta cire tabarau ta dube shi, irin kallon da bai taɓa so ya faɗo kansa ba.

"Zubairu. Shekara nawa kana wannan?"

"Tun zuwana, Mama."

"Ba zan rantse daga nan ta fito ba sai an gwada," in ji likitar. "Amma ka kyauta da ka faɗa, Malam. Ka kawo min kwalin maganin, da ɗan takin a leda. Kada ka tona shi a bushe, ka jiƙa shi sosai, ka rufe hanci."

Baba ya ɗaga hannu a hankali ya janye robar hancinsa.

"Uwar Loretta," ya kira matarsa, yana tsayawa yana neman numfashi. "Ran da ya fara aiki, a kwata zai zubar. Ni na hana. Na ce asara ce, ya zuba a taki, ko banza ya kashe ƙwari."

Mama ta miƙe ta mayar masa da robar, ta gyara masa filo ba tare da ta dubi kowa ba. Zubairu ya sunkuyar da kai yana jiran hukunci. Sai tarin ya taso masa. Ya so ya danne, ya ƙi dannuwa, ya juya bango ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa.

Da ya juyo, likitar ba Baba take kallo ba.

"Malam, tun yaushe kake wannan tarin?"

"Ai goro ne, likita. Ya kai shekara."

"Baba yana zaune taku biyar daga takin. Kai fa?"

"Ni a ciki nake tsayawa."

Mama ta mayar da tabaraunta. Ta jawo kujerar jinyar da ta yi wata biyu ba ta bar wa kowa ba, ta tura ta gabansa.

"Zauna," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta dubi likitar. "'Yata, a ina ake yankan kati, shi ma a duba shi?"