Rubutun Kabarin Baba Bartholomew

Shekara uku na yi ina jinyar Baba Bartholomew a gidansa da ke garin Bowie. Sunana Wahab, mutumin Kumasi, a aji huɗu karatuna ya tsaya. Aikina wanka, magani, abinci, da ɗaga shi daga gado zuwa kujera.

Shi ɗan cocin Adbentis ne, masu kiyaye ranar Asabar. Ƙuruciyarsa duk a maɗaba'ar littattafan addininsu ta ƙare. Ba ya cin alade, ba ya shan giya, don haka ba mu taɓa faɗa a kan tukunya ba. A kan Mala'ika Mika'ilu muke faɗa.

Ina yanke masa farce wata rana ya tambaye ni ko mun san Mika'ilu. Na ce mun san shi, shi aka wakilta wa ruwan sama. Ya ce a wurinsu Mika'ilu shi ne Almasihu, sunansa ne na shugaban rundunar mala'iku.

Na ce, "Baba, Annabi Isa daban, Mika'ilu daban. Ka haɗa direba da makanike ka ce mutum ɗaya ne."

Ya ce, "Kai da ka tuƙo mota daga gidanka a Alexandria, kuma ga ka kana yanke min farce, ku nawa ne?"

Na ce masa ya miƙo ɗaya hannun.

Tarihin a guntu-guntu ya ba ni. Ya ce magabatansu, shekara ɗari da hamsin baya, sun tarar da maganar a wurin wasu malaman Kirista da suka riga su. Da yawan magabatan nasu ba su ɗauki Almasihu daidai da Ubangiji ba. Daga baya cocin ya tsaya a kan cewa ba halittarsa aka yi ba, amma bai saki sunan Mika'ilu ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne a haɗa su da Shaidun Jehobah, masu cewa halittacce ne. Ni duka biyun ba su shige ni ba, kuma na faɗa masa.

Da jikinsa ya yi nauyi a 2011, ya ce matattu barci suke yi har ranar da Mika'ilu zai kira su. Yana so a rubuta a dutsen kabarinsa: "Yana barci, yana jiran muryar Mika'ilu." Ya sa na maimaita sau uku. Ya faɗa wa 'yarsa Olive a gabana, ta amsa da to, ta ci gaba da ninke kaya. Ita ta daɗe da komawa cocin mijinta.

Bayan an binne shi, Olive ta same ni a kicin. Ta ce in aka rubuta wannan, mutanen cocinta za su ɗauka ubanta Mashaidin Jehobah ne, ita kuma ta gaji da bayani tun tana yarinya. Ta ce in bar maganar iyali ga iyali. Sannan ta tuna min da aikin jinyar surukarta a Springfield, wanda ta yi min alkawari zan fara wata mai zuwa. Ba ni da wani aikin a hannu, ta kuma sani.

Da rana wanta Jerome, wanda ya zo daga Texas, ya zauna da takardar masu sassaƙa dutsen kabari. Ya tambayi Olive ko tsohon ya bar wata magana. Ta ce babu. Ina naɗe keken guragu a bakin ƙofa, ya juyo ya tambaye ni.

Na faɗi kalmomin yadda tsohon ya faɗe su. Na ƙara da cewa ba yana nufin halittaccen mala'ika ba ne, don na san da yana nan sai ya ƙara.

Olive ta ce, "Wahab, kai Musulmi ne. Ka yarda da wannan?"

Na ce, "Ko kaɗan, Madam."

"To mene ne naka a ciki?"

"Wasiyya ce. Ba a tambaye ni abin da na yarda da shi ba, abin da ya ce aka tambaye ni."

Jerome ya rubuta a takardar, ya juyo min ita in duba. Na ce ya karanta min dai, Turancin rubutu ba ya min sauri. Ya karanta, na ce haka ne.

Olive ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi makullin gidan a hannuna, ta ce za ta kira ni kan maganar Springfield. Ba ta kira ba. Wata biyu na yi a zaune kafin na samu aikin wanke motoci.