Askar Yankan Cibi

…kuma har yanzu ruwan bai tafasa ba. Itacen ɗanye ne, sai hayaƙi. Hura, Lauratu, hura. Shekara talatin kina ungozoma a Dutse, yau ke ce durƙushe gaban murhu kina dafa aska—

Maijidda ta sake nishi a ɗaki. 'Yata, cikin fari. Tun hantsi take kan gwiwa, ga azahar ta kawo kai.

Inna, askarki ce. Ke kika damƙa mini ita a tsumma kafin ki rasu, kika ce kada ruwa ya taɓa ta, tsatsa za ta yi. Ban taɓa wanke ta ba. A goge a gefen zane, a yi bisimilla, a yanke cibi, a mayar. Haka na ga kina yi…

Mutumin nan ne ya hana ni sukuni. Malamin lamba, mai tsaga hannu don rigakafi, wanda Nasara suka turo daga Kano saboda agana. Ranar kasuwar Shuwarin ya kafa tukunya a gindin tsamiya, ni na ɗebo masa ruwa. Duk hannun da ya tsaga, sai ya jefa ƙarfensa cikin tafasasshen ruwa kafin ya taɓa na gaba. Dariya na yi. Na ce, malam, miyar ƙarfe za a sha? Ya ce, "Iya, cuta tana hawa ƙarfe ta bar wani ta kama wani. Ido ba ya ganinta."

Ba ya ganinta. To ta yaya ake gudun abin da ba a gani?

Ɗan Huseina, kwana shida. Ya ƙi nono, muƙamuƙi ya ƙulle, baya ya sandare ya lanƙwashe. Ragon suna yana ɗaure a ƙofar gida, da kukansa aka fita da gawar. 'Yar Madina, kwana takwas. Sai tagwayen gidan maƙera. Huɗu, daga damina zuwa yau. Ni na yanke cibinsu. Duka ni.

A'a. Ajali ne. Nawa na yanke suka rayu? Ga su can suna noma har Jahun. Wa ya isa ya ce—

Albarka fa? Tsohuwar nan mai daddawa. Aka ce ita ce, mayya ce, ita ke kama kurwar jarirai. Aka watsar mata da kaya, aka raka ta da jifa har bayan duwatsu. Ina tsaye. Askar na ƙulle a haɓar zanena. Ai ban sani ba a lokacin! Ban sani ba? Bayan ranar kasuwar ne, Lauratu. Bayanta ne. Kin riga kin ji maganarsa.

Ya fara tafasa. Wayyo… mene ne wannan yake tasowa a kan ruwan, baƙi-baƙi, da maiƙo? Daga gindin ƙotar yake fita. Jinin wa? Na wace shekara?

Hannuna fa? Shi malamin har gwiwar hannu yake wankewa. Ina sabulun salo, ina toka… ƙarƙashin farce, dirje, ƙara dirjewa. Ruwan da zafi. Bari ya ƙona. Idan abin a fatata yake fa? Hannu ba ya dafuwa.

"Yaya Lauratu! Kai ya fito!"

Adama ce, ƙanwata, daga bakin ƙofa. Ina zuwa. Tsamo askar da kara, kada ta taɓa ƙasa, kada ta taɓa tsumman, kada zane… to da me zan riƙe? 

Ya Allah, ka raya mini jikan nan. Ka ba shi kwana bakwai, ya kama nono, a raɗa masa suna, ya kai arba'in—

Idan ya kai fa? Idan dafaffiyar aska ta bar shi da rai… to, ba Albarka ba ce.

Ya yi kuka. Ga shi, jaririn ya yi kuka, ga ni na miƙe da askar a kan kara.