Ranar da Usta Zaglul ya yi jawabi da hannu

A maƙerar jiragen ruwan nan ta bakin tekun Iskandariyya, ma'aikata dubu uku sun koma ɗari bakwai. Jirgi ɗaya ya rage a kan turaku, rabi fenti rabi tsatsa, ana ta maganar a yanka shi a sayar da ƙarfen. A shekarar ne Zaglul, wanda ake kira Usta, wato gwanin aiki, ya tsaya takarar kujerar ma'aikata a majalisar ƙasa. Shekara talatin aikinsa shi ne tsayawa ƙasa yana yi wa mai injin ɗaga ƙarfe ishara. In mutanen nan ba su bi shi ba, babu mai buɗe baki a Alƙahira don jirgin.

Da hutun azahar abokin takararsa, Dakta Murad, ya iso da lasifika huɗu. Ya yi magana mai kyau, wannan kam ba musu. Mutane na zaune suna dangwalar wake da gurasa, suna kallon bakinsa.

Girgis mai walda ya zunguri Zaglul. "Usta, me mai girma Dakta Basha yake cewa?"

"Wai zai kawo aiki."

"Ce masa ya fara kawo mana kunnuwa."

Abin da Dakta bai sani ba ke nan. Bugun guduma ya cinye kunnuwan mutanen gidan nan tuntuni, lasifika ba ta kai musu komai sai ruri.

Da ya gama, ya miƙa wa Zaglul abin maganar yana murmushi. "Karɓi, ya Usta, kada a ce mun hana ka."

"Riƙe kayanka, ya Dakta."

Zaglul ya hau tsani har gaban jirgin. Shi ba mai baki ba ne, ko gaban matarsa kalma uku ke ƙare masa. Ya nuna jirgin. Ya dunƙule hannu: riƙe. Ya nuna ma'aikatan, ya nuna ƙirjinsa, ya juya yatsa sama: ɗaga. Ya shimfiɗa tafi: a hankali, akwai mutum a ƙasa.

Babu wanda ya tafa. Ya ce a ransa shi ke nan, an gama.

Girgis ya ajiye gurasarsa, ya ɗauki guduma, ya je ya bugi jikin jirgin. Wani ya bi, wani ya bi. Wannan bugu ba a yin sa sai ranar da jirgi zai sauka ruwa. Ƙarfen ya amsa da wata irin murya mai zurfi, tantabaru suka tashi daga rumbuna, kofunan shayi suka yi ta rawa a kan benci. Zaglul ya ji ta daga tafin ƙafarsa har cikin haƙoransa.

Ya ga ba su da niyyar dainawa. Sai ya lura hannunsa har yanzu yana sama, kuma a gidan nan ba a tsayawa sai mai ishara ya sauke. Ya bar shi a sama tukuna.