Awon Malam Ilu

"Ɗari da casa'in," in ji Roda, tana kwance abin awon jini daga damtsensa.

Malam Ilu ya yi dariya. "Shekaranjiya kin ce ɗari da talatin. Ni ne dai Ilun, hannun ma shi ne. To wa ke ƙarya?"

Shekara talatin yana awon hatsi a kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi, ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Ita kuwa Roda ma'aikaciyar asibiti ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tun ranar da ya yi kukan jiri ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Baba, hawa da saukar nan su ne ciwon. Igiyar guga ma yawan ja da saki ke tsinka ta. Ka sha ƙwayar nan kullum, ko kana jin garau."

"Ɗiyata, mudun da ke canja baki kullum, sarkin kasuwa fasa shi yake yi."

Ya karɓi ƙullin maganin da hannu biyu, ya yi godiya har da sa albarka. Wannan ladabin nasa ya fi gardamar ba ta haushi.

Haka suka yi ta yi har kaka. Ta tare shi a zaure, ta tare shi a bakin rumfa. In awon ya sauka ya ce, "Kin gani?" In ya hau ya ce abin nata ne ya tashi da rigima. Tsoro ya hana ta sukuni, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar kasuwar Kurfi yana cikin awon gero tiya ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace. Kafin motar da ta ɗauko shi ta iso asibiti, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku matarsa Hawwa'u ta shigo wurin Roda da ƙullin magani biyar, ko ɗaya ba a kwance ba.

"Cewa yake a adana maki, Sista, kar a yi asara. Wai ki ba marar lafiya."

Da ta fita, Roda ta ɗaura abin awon a nata damtsen, ta auna. Ta jira kaɗan ta sake. Lambar ba ta zo ɗaya ba. Ta daɗe zaune, ƙullin biyar na kan cinyarta.