Hoton Rawa a Cikin Kwantena

Hoton Alhaji Ilu riƙe da hannun matar wani yana cikin kwantenar da ta bar birnin Guangzhou na ƙasar Sin zuwa Legas ranar Talata.

An ɗauke shi a watan Oktoban 1998, a wani lambu da ke titin Liuhua, inda tsofaffi ke rawar Turawa da safe, namiji da mace, taku uku-uku. Chen, mai masana'antar da Ilu ke sarin takalma, shi ya tura matarsa ta ja Ilu filin rawa don karrama baƙo. Ilu ya yi taku shida ya janye.

Sai jiya Chen ya gaya masa, yana fara'a, cewa ya cusa hoton a wani katan, tsaraba ga iyali. Bai tuna wanne ba.

"Alhaji, ashe ka iya?" in ji Ussif, ɗan Gana mai yi masa lodi.

Ilu bai yi dariya ba. Shi ke limancin azahar a layinsu na kasuwa a Kano, kuma surukinsa ne zai buɗe kayan.

Katan ɗari huɗu ne, iri ɗaya. Jirgin ruwan zai isa nan da mako biyar.