Zuwa Duba Fatahu

Haruna yana goge gilashin motar da yake kai ma'aikata ramin yuraniyom da ita, sai ga matarsa Zinatu ta shigo garejin, mayafi a karkace.

"Baban Rabi, an kwantar da Fatahu a likita tun da asuba. Tarin nan ne, yau har da jini."

Fatahu ƙanensa ne. Shi ya ɗauko shi daga Tawa lokacin da ake ɗibar ma'aikata a nan garin Arlit, ya sama masa aiki a ramin. Bara suka yi cacar baki a gaban jama'a ranar wani suna, Haruna ya ce ya bar masa gida. Tun daga nan ko sallama ba ta haɗa su, alhali layinsu ɗaya.

"Zo mu tahi yanzu," in ji Zinatu.

"Haka kawai in faɗa masa ɗaki? Ni ne babba. Sai an samu mai shiga tsakani."

Ta dube shi, ta juya ta fita.

Ya nemi izini wurin shugabansa, ya nufi kasuwa wurin Baba Almu, dattijon 'yan Tawa. Bai same shi ba sai bayan azahar.

"Wane shiga tsakani kuma, Haruna? Ciki ɗaya kuka hito. Tashi ka tahi."

"Baba, in na je ni kaɗai, cewa za a yi kunyar mutane ta kai ni. A kira Akoli abokinsa, a yi a gabansa."

Akoli kuwa yana bakin aiki sai la'asar. Kafin ya tashi, Haruna ya sayi shayi da sukari, ya tuna mai tari madara ake ba shi, ya koma ya canza. Ya je gida ya sa babbar riga, ya ga ta yi kama da ta biki, ya tuɓe. Yana tafe yana jera maganar da zai faɗa: wadda ba za ta zama ban haƙuri ba, ba kuma za ta zama faɗa ba.

Rana ta yi ja suka isa likita, su uku. Zinatu na zaune a ƙasa bakin ƙofar ɗakin, idanunta sun kumbura. A ciki wata ma'aikaciya tana yaye zanen gado.

Baba Almu ya yi salati a hankali. Akoli ya kifa kai a bango.

Haruna ya juya wajen Zinatu. "Ya yi magana?"

"Ya tambaye ka. Na ce kana hanya."

"Mi ya ce?"

"Ya dai sa na matso maka da kujera kusa da gadon."

Kujerar ƙarfe ce, tana nan daidai wajen kai. Haruna ya shiga, ya zauna a kanta.