Sallar Bashir

Rana ta fara zafi, gawar Bashir na kwance a kan makara a ƙofar gida, an yi wanka an sa likkafani, amma babu wanda ya tashi ya ja sahu. Masu haƙa sun aiko yaro daga maƙabartar Tarauni cewa sun gama tun ɗazu. Mutane kuwa sun cika layin, wasu a kan tabarmi, wasu a tsaye jikin katanga, kowa na satar kallon Malam Inuwa, limamin unguwa, wanda ya zauna yana jan carbi ya ƙi ɗaga kai.

Shehu, yayan mamacin, shi ne a tsaye kusa da makarar. Tela ne, shagonsa na bakin titin Zariya a nan Gyadi-Gyadi, kuma duk unguwar an san sahun farko ba ya wuce shi. Da kuɗin ɗinkin nan ya yi wa ƙaninsa hidima har yaron ya gama jami'a ya dawo yana koyarwa a sakandare. To, abin da ya dawo da shi ne ya zama bala'i. Bashir ya dawo da littattafai cike da kwali da kuma baki, kai, baki kamar reza! A teburin mai shayi, a makonnin nan da ake ta hayaniyar zaɓe sojoji na shirin komawa bariki, ana gardamar jam'iyyu sai ya zarce. Ya ce talaka ya daina jiran sakayya a lahira, wanda ya mutu ya mutu ke nan, babu tashi babu hisabi. Ba sau ɗaya ya faɗa ba, kuma ba a ɓoye ba. Masallaci kuwa ya daɗe da daina leƙawa.

Yanzu ga shi ciwon shawara ya kayar da shi, ya cika da safen nan a ɗakin Shehu. Can cikin gida mahaifiyarsu, Inna Asabe, ta jingina da bangon da ya raba tsakar gida da waje. Ta ƙi shan ko ruwa. Ta gaya wa matan da suka kewaye ta ba za ta motsa ba sai ta ji kabbarar sallar ɗanta da kunnenta.

Shehu ya durƙusa gaban liman ya ce, “Allah gafarta Malam, rana na yi.”

Malam Inuwa ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Shi ya raɗa wa Bashir suna. Ya ɗago idanunsa jajur ya ce, “Shehu, ka san abin da yaron nan yake faɗa. Jama'ar nan duk sun ji. Ni ba na iya tsayawa gaban Allah in sallaci wanda ya ce babu Shi. Amma ƙofar tuba ba ta rufe sai rai ya zo maƙogwaro. In akwai wanda ya ji ya yi kalmar shahada kafin ya cika, ya faɗa, yanzu in tashi.”

Babu wanda ya fito. Shehu ya san amsar, domin shi kaɗai ne a ɗakin lokacin da abin ya zo. Ya yi ta maimaita kalmar a kunnen ƙaninsa, a hankali, kamar yadda aka koyar, har muryarsa ta dushe. Bashir na jinsa sarai, idonsa biyu. Ya laluba ya kama hannun Shehu ya riƙe gam, ya ce, “Yaya, kada ka tafi.” Daga nan bai sake cewa komai ba.

Sai wani ya kutso daga baya. Lawan ne, abokin Bashir tun jami'a, mai tarin suma da wando mai faɗin ƙafa, wanda kowa ya san tafiyarsu ɗaya ra'ayinsu ɗaya. Ya tsaya tsakiyar mutane ya ce da ƙarfi, “Ni na ji. Ina wurin. Ya yi shahada sau biyu, wallahi tallahi. A kawo Alƙur'ani in dafa.”

Nan take wuri ya ɗauki guna-guni, wasu na alhamdu lillahi, wasu na taɓe baki. Lawan ya matso kusa da Shehu ya yi ƙasa da murya yadda su biyu kaɗai za su ji. “Yaya Shehu, ka yi shiru kawai. Ni rantsuwa ba ta cina, iska ce. Bashir ba ya jin komai yanzu, an yi sallar ko ba a yi ba duk ɗaya ne a wurinsa. Inna nake ji. Ka bar tsohuwar nan ta samu abin da za ta riƙe.”

Wallahi Shehu ya so ya yi shirun. Ya so ƙwarai. Ga hanya an share masa, ba shi ya yi ƙaryar ba, ba shi zai dafa littafi ba. Amma Malam Inuwa ba yaro ba ne. Ya dubi Lawan sama da ƙasa, sannan ya juyo.

“Shehu, a ɗakinka ya cika. Kai nake tambaya, don kai na sani. Lawan na wurin?”

Shehu ya dubi likkafanin da shi da kansa ya yanka ya haɗa da safen nan. Ya dubi bangon da ya san Inna na bayansa. In ya ce e, an gama, a yi salla a kai shi, kowa ya watse. Sai dai ya san gobe da asuba zai tsaya a sahu da wannan bakin, kuma Wanda zai roƙa wa Bashir gafara wurinSa, ai Shi ne za a yi wa ƙaryar. Ina amfanin sallar da aka sato?

Ya ce, “Ba ya wurin, Malam. Ni kaɗai ne.”

“Haba Yaya Shehu!” in ji Lawan.

“Na laƙƙana masa. Ban ji ya faɗa ba.” Shehu ya dake ya ci gaba. “Ban kuma ji ya musa ba. Abin da ke ƙirjinsa a lokacin, ban tsaga na gani ba.”

Salati ya tashi ko'ina. Malam Inuwa ya dogara sandarsa ya miƙe da ƙyar. Ya ce, “Ka faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Ni dai ba zan iya ba, ɗana. Ka yafe mini.” Ya sa takalmansa ya kama hanya yana share ido da gefen rawani.

Liman na juya baya, sai ka ga ikon Allah. Mutanen da suka ci tuwon gidan nan shekara da shekaru suka fara zamewa, wannan ya tuna ya bar shago a buɗe, wancan ya bi lungu kamar mai neman wurin fitsari. Masu sauran kunya suka ja baya suka tsaya inuwar dalbejiya suna kallo. Daga cikin gida aka ji kukan mata ya canja, alamar labari ya shiga.

Lawan ya damƙi hannun rigar Shehu a fusace. “Ka ga abin da gaskiyarka ta jawo? Ka kashe Inna da ranta!”

Shehu ya juya wajen makarar. Tsoro yake ji, tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, don bai sani ba ko abin da zai yi yanzu laifi ne a kansa. Ya gyara makarar, ya fuskanci gabas, ya cire takalmi ya tsaya inda liman ke tsayawa. Wani daga inuwa ya ɗaga murya, “Shehu, ka ji tsoron Allah!” Shehu ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, “Shi nake ji.”

Ya ji motsi a bayansa. Wani tsohon maƙwabci mai faci ne ya jawo ƙafa ya tsaya, sai almajirin shagon Shehu, sai wani baƙo direban tifa da bai ma san mamacin ba. Sannan ya ji muryar Lawan dab da kafaɗarsa.

“Ni ban yarda akwai mai ji ba, Yaya. Amma sahun nan ya yi gajere.”

Shehu ya ɗaga hannu ya yi kabbara da iyakar ƙarfinsa, yadda za ta tsallake katanga. Kukan cikin gida ya tsaya cak.

Ya shiga addu'ar da ya haddace tun yana yaro, wadda ya karanta a kan gawawwakin unguwar nan ba adadi. Ya Allah, wannan bawanKa ne, ɗan bawanKa, ɗan baiwarKa. Daga nan sai wurin da ake cewa mamacin ya kasance yana shaidawa babu abin bauta sai Kai. Harshen Shehu ya tsaya. Ya buɗe baki, abin ya ƙi fita. Bai faɗa wa liman ba, ina zai faɗa a nan? Shirun ya yi tsawo har tsohon mai faci ya yi gyaran murya.

Sai ya tsallake, ya kama kalmomin da ke biye, hawaye na sauka cikin gemunsa.

“Kai ne Ka fi kowa saninsa,” ya ce. “Ya Allah, Kai ne Ka fi ni saninsa.”